Tambayi Mai Gyara: Wuta Nawa Ke Ratsa Resista?

Wasiƙun wannan wata sun zo kamar an haɗa baki. Ɗaliba, mai babur, yaron shago, har da dattijon da ya ajiye alli, kowa da tasa damuwar, amma da na baje su a kan teburin gyara sai na ga ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Na rage tsawon wasu saboda fili. Wanda kuma ya aiko yana neman dabarar da za ta sa mitar gidansa ta rage gudu, ya yi haƙuri, ba a shagona ake wannan aikin ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina ajin ƙarshe a sakandare, ina shirin jarrabawar WAEC. An ba mu wannan aiki: batir mai bolt 12 an haɗa shi da resista mai om 2, daga nan waya ta rabu biyu, reshe ɗaya yana ɗauke da resista mai om 6, ɗayan mai om 3, suka sake haɗewa suka koma batir. Aka ce mu nemo karant ɗin da ke bi ta cikin mai om 6. Na raba 12 gida 6 na samu am 2, sai Malam ya soke da jan biro. Ni kuwa dokar Ohm na bi yadda ya koya mana. Ina kuskurena? *Ɗaliba daga Tudun Wada*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, ita ma dokar ba ta yaudare ki ba. Kuɗin cefanen da aka ba gida gaba ɗaya kika ɗauka kika rubuta da sunan mutum guda. Bolt 12 ɗin nan na da'irar ne dukanta. Resista mai om 6 ko a mafarki ba ta ga 12 ba.

Dokar cewa ta yi karant, wato yawan wutar da ke ratsawa, shi ne bolt a raba gida om. Om shi ne ma'aunin turjiyar resista, wato yadda take tare wuta, am kuwa ma'aunin karant. A littafinku an rubuta I = V/R. Abin da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba shi ne wace V ake nufi. Ba kowace V da ido ya faɗa kanta a zane ba ce. Ana nufin bambancin bolt da ke tsakanin ƙafafuwa biyu na ita wannan resistar da ake tambaya a kanta, ƙafar shiga da ƙafar fita. Na haura shekara talatin ina gyaran rediyo da talabijin a Sabon Garin Zariya, kuma duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin ya riƙe ƙarfen dalma sai ya haddace wannan: ba batir ake tambaya ba, ƙafafuwan resista ake tambaya.

In kin taɓa zuwa lambu a bakin Galma da rani, kin ga injin ban ruwa da dogon tiyonsa. Ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wuce wani wuri a cikin tiyon kowace daƙiƙa, shi ne karant. Inda tiyo ya lanƙwashe ko dutse ya danne shi, ita ce resista. Ruwan da ya shiga wannan matsi shi ne zai fita, ko ɗigo ba ya ɓacewa a ciki. Ƙarfin turawar ne ke raguwa. Ki riƙe wannan da kyau, don da yawa suna zaton resista karant take ci, wai a shiga da am 3 a fita da am 2. Bolt take ci. Karant yadda ya shiga haka yake fita.

To, mu yi lissafin tare. Daga rassan nan biyu za ki fara, waɗanda littafinku ke kira faralel. In guda biyu ne kawai, ki ninka su, ki tara su, ki raba na farko da na biyu: 6 sau 3 ya ba da 18, 6 da 3 ya ba da 9, 18 a raba gida 9 ya ba da 2. Ke nan a wajen batir, waɗannan biyun tamkar resista guda ce mai om 2. Ki lura amsar ta fi ƙaramar cikinsu ƙanƙanta. Dole ne hakan, domin hanya biyu aka buɗe wa wuta. Ranar Juma'a in an buɗe ƙofa ta biyu a masallaci, ko da ƙarama ce, jama'a sun fi saurin fita. Duk ranar da kika haɗa rassa kika samu adadin da ya fi ƙaramar cikinsu, ki goge ki sake.

Yanzu da'irar ta koma jerin gwano, abin da ake kira siris: om 2 na farko, sai om 2 na rassan. Jerin gwano tarawa ake yi, ya zama om 4. A nan ne 12 ke da hurumi, domin yanzu da'irar gaba ɗaya muke magana a kai. 12 a raba gida 4, am 3. Shi ne abin da ke fita daga batir, kuma dukansa sai ya ratsa resista ta farko, tunda babu wata hanya.

Ita ta farkon bolt nawa ta ci? Am 3 sau om 2, bolt 6. A ɗebe 6 daga 12, saura 6. Wannan 6 ɗin da ya rage shi ne ke tsakanin inda waya ta rabu da inda ta sake haɗewa, kuma duka rassan biyu shi suke gani, tunda kansu a haɗe yake, ƙafarsu ma a haɗe. Sai yanzu za ki tambayi mai om 6: bolt 6 a raba gida 6, am 1. Amsar da Malam yake nema ke nan.

Kada ki miƙa takarda sai kin duba maƙwabciyarta. Bolt 6 a raba gida 3, am 2. Am 1 da am 2 sun tashi am 3, daidai da abin da ya fito daga batir. In ba su tashi daidai ba, akwai ɓaraka a wani wuri. Wannan ƙa'ida, cewa abin da ya shiga mahaɗa shi ke fita daga cikinta, wani Bajamushe ne mai suna Gustav Kirchhoff ya tsara ta a 1845, yana ɗalibin jami'a ɗan shekara 21. Bai girme ki da yawa ba a lokacin.

Wani abu da masu shirya jarrabawa ke so: maimakon su zana miki resista mai om 2 a fili, sai su ce batirin yana da turjiyar ciki ta om 2, su sa mata ƙaramin harafin r. Kada ya ruɗe ki, lissafin bai canza ko kaɗan ba. Kowane batir na gaske yana da wannan turjiya a cikinsa. Ita ce ke sa fitilar mota ta dushe a daidai lokacin da direba ya murza makulli: sitata ta ja karant mai yawa, bolt ya zube tun a cikin batirin kafin ya fito.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina kai kaya a babur tsakanin Kwangila da Samaru. Na sayi ƙananan fitilun nan jajaye masu ƙafa biyu, LED, don in sa a bayan babur a riƙa hango ni da dare. Na jona ɗaya a batir, ta yi walƙiya sau ɗaya ta mutu. Ta biyu ma haka, har ta uku. Mai shagon ya ce batirina ne ya yi ƙarfi, wai am 7 ne, in nemi ƙarami. Haka ne? *Mai babur, Kwangila*

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu. Ko ka sayi ƙaramin batir, muddin mai bolt 12 ne, ta huɗu ma bin 'yan'uwanta za ta yi.

Wannan 7 da ke jikin batirinka, ka duba da kyau, za ka ga Ah ne a gefensa. Girman ajiyarsa ake nufi, wato zai iya ba da kamar am 0.35 na tsawon awa 20 kafin ya ƙare. Ba wai yana ɗura am 7 a cikin duk abin da aka jona masa ba ne. Girman randa ba shi ke sa mutum ya ƙware ba, yadda ya kafa kai ne. Ka ɗauki resista guda ka jona ta a batirin babur, ka cire ka jona ta a ƙaton batirin mota, karant ɗaya za ta ja, tunda duka biyun bolt 12 ne. Bambancin kawai, na motar zai daɗe bai ƙare ba.

Matsalar daga ita fitilar take. LED ba ta san ta ƙoshi ba. Ja tana buƙatar kimanin bolt 2 ta kama, fara ko shuɗiya kimanin bolt 3. Da zarar an ɗara wannan ko da kaɗan ne, sai ta saki jiki wuta ta kwarara ba birki. Irin ƙananan da ka saya kuwa, abin da suke jurewa bai wuce miliam 20 ba, wato am 0.02. Kai kuma ka ɗora mata 12 gaba ɗaya ba mai tare mata. Resista ce birkinta, a jere da ita, ko a ƙafar gaba ko ta baya, duk ɗaya ne.

Wace resista? Irin tambayar da na yi wa ɗalibar nan ta sama za ka yi wa kanka: bolt nawa zai sauka a kan ƙafafuwan resistar? Ba 12 ba, domin fitilar ta riga ta ɗauki 2 nata. Sannan ma 12 ɗin suna ne kawai. In inji yana aiki yana cajin batir, mita takan nuna kusan 14, kuma da wannan ya kamata a yi lissafi tunda a kan hanya za ka yi amfani da ita, ba a ajiye a zaure ba. A ɗebe 2 daga 14, saura 12. Muna son am 0.02. Sai a juya dokar: bolt a raba da karant ya ba da om. 12 a raba da 0.02, om 600.

Ba lalle ka samu mai 600 a kasuwa ba. Resistocin da aka fi sayarwa a tsare suke: 470, 560, 680, 820, haka. In adadinka ya faɗa tsakani, ɗauki ta sama. Da mai 680, karant zai zama 12 a raba gida 680, kimanin miliam 18. Idonka ba zai bambanta haskensa da na 20 ba, fitilar kuma za ta fi daɗewa.

Saura abu ɗaya da yara kan manta, shi ne zafi. Bolt ɗin da resista ta ci zafi yake komawa. Bolt 12 sau am 0.018 ya ba da wat 0.21 ko kusa da haka. 'Yar ƙaramar resistar da aka saba gani kwatan wat take ɗauka, wato 0.25. A takarda ta isa. Amma takarda ba ta san ranar watan Afrilu a Zariya ba, balle a kusa da salansa. Ka ce a ba ka mai rabin wat, ta ɗan fi kauri, kuɗin ba wani bambanci.

In ka je saye, kada ka dogara da bakin mai shago, karanta zoben launin da ke jikinta. Baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan goro 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku yawan sifilin da za a ƙara. Taka za ta kasance shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa: 6, 8, da sifili ɗaya. Zobe na huɗu mai ruwan zinariya da ke can gefe shi kaɗai, ka bar shi a hannun dama ka fara karatu daga hagu. A wajen fitilar kuma, doguwar ƙafa ita ke kallon jan waya.

In uku kake son sawa, jera su jerin gwano, doguwar ƙafar wannan a gajeriyar waccan. Ukun za su ɗauki bolt 6, saura 8 a kan resista. 8 a raba da 0.02, om 400, sai ka ɗauki mai 470: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Dogayen fitilun nan kuwa masu kama da zare da ake mannawa, waɗanda aka rubuta 12V a jikinsu, da resistocinsu suke zuwa, shi ya sa ka ga abokan aikinka suna jona su kai tsaye ba abin da ke faruwa. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗauko wutar daga bayan fis ɗin babur, kada ka ja waya tsirara daga kan batir ta bi ta ƙarƙashin tanki.

Tambaya: Baba ina wuni. Ina koyon gyaran rediyo da fitilar caji a wani shago wajen PZ. Na so in ga karant ɗin wani batir, na juya mita zuwa wajen am, na ɗora tsinkayen biyu a kansa, sai na ji ƙas. Yanzu tana auna bolt amma ba ta auna am. Maigidana bai sani ba tukuna. Me ya faru? *Yaron shago*

Amsa: Ɗana, gobe da safe kafin ka ɗauki tsintsiya ka gaya wa maigidanka. Faɗan minti biyar ne, kuma na tabbata shi ma ya taɓa yi. Ni tawa ta fi taka muni. Mitar maigidana irin ta da ce mai allura, na ɗora ta yadda ka ɗora taka, allurar ta buga ƙarshe ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Wata guda ina ɓoye ta a bayan tsofaffin rediyoyi, ranar da ya gano kuwa, ɓoyewar ta fi ɓarnar ɓata masa rai. Taka mai yiwuwa fis ne kawai ya tsinke a ciki. A buɗe bayanta a sa irinsa daidai, ba a naɗa masa silin waya ba.

Ga abin da ya faru. Mita in tana wajen bolt, turjiyarta babba ce ƙwarai, miliyoyin om, saboda haka tana leƙawa ne kawai ba ta jan komai. In ka juya ta wajen am, sai ta zama kusan waya miƙaƙƙiya, don wuta ta bi ta cikinta ba tare da ta tare ta ba. Ka ɗora waya miƙaƙƙiya a kan batir ke nan. Yi lissafin da kanka: in duk hanyar ba ta wuce om 0.1 ba, 12 a raba da 0.1 nawa ke nan? Am 120. Fis ɗin ya ba da ransa ne don mitar ta tsira.

Kuma tun asali babu wani abu wai shi karant ɗin batir da za a auna a haka. Batir bolt gare shi. Karant sai an ba shi kaya, kuma kayan ne ke yanke yawansa. In kana son auna shi da mita, sai ka yanke hanyar wutar ka sa mitar a tsakani, ta zama ɗaya daga cikin jerin gwanon.

Sai dai mu masu gyara ba kasafai muke yanke hanya a kan fanel ba, wa ke da wannan lokacin? Ka bar mitar a wajen bolt, na'ura tana kunne, ka ɗora tsinke ɗaya a kowace ƙafa ta resistar da kake zargi. A ce launinta ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, wato om 100, mita kuma ta nuna bolt 1.5. Raba: am 0.015, miliam 15. Ka san karant ɗin ba ka narka dalma ko ɗigo ba. Abin dariyar ma, ita kanta mitar haka take yi a ɓoye. A cikinta akwai wata 'yar resista mai ƙaramar turjiya, wuta ta bi ta kanta, mitar ta auna bolt ɗin ƙafafuwanta ta yi rabawar, ta nuna maka a fuska.

Zoben zinariyar nan yana nufin resistar za ta iya kauce wa abin da aka rubuta da kashi 5 cikin 100, na azurfa kashi 10. Mai 100 in ta nuna 96 ko 104, lafiyarta ƙalau, kada ka cire ta. In kuwa om ɗinta kake son aunawa, kashe na'urar, ka ɗaga ƙafarta ɗaya daga fanel. In ba haka ba, mitar za ta haɗa ta da duk wasu rassa da ke kewaye da ita ta ba ka adadin da ya gaza na gaskiya. In ka tarar da resista ta ƙone ta yi baƙi, kada ka sauya ta ka rufe rediyo ka karɓi kuɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne a gabanta ya ja wutar da ta fi ƙarfinta, sau da yawa taransista ko kafasita da ta harbe, kuma in ba ka nemo shi ba mai kayan zai dawo kafin Magariba.

Duk wannan da na faɗa, a ɓangaren batir da ƙaramar wuta nake nufi. Ɓangaren da wutar gida ke shiga a caja ko talabijin, akwai ƙatuwar kafasita da ke tara kusan bolt 325 daga bolt 230 na soket, kuma takan riƙe shi ko bayan an zare filogi. Kada hannunka ya je can sai maigidanka yana tsaye ya nuna maka yadda ake sauke ta. In ka gama auna am kuma, ka mayar da jan tsinke raminsa na bolt nan take. Rabin mitocin da suka mutu a shagona mantuwar wannan ce ta kashe su.

Tambaya: A fanel ɗin waya da na caja ina ganin ƙananan resistoci baƙaƙe marasa launi, an rubuta 472 ko 103. A zane kuma ina ganin 4k7. Yaya ake karanta su? *Mai gyaran waya, Kongo*

Amsa: Tsarin zoben launi ne aka rubuta da lamba. Lamba ta ƙarshe yawan sifili ce: 472 shi ne 47 da sifili biyu, om 4,700. 103 kuwa om 10,000. Harafin k dubu yake nufi, kuma an sa shi a gurbin ɗigo don ɗigo yakan goge a bugu, saboda haka 4k7 da 472 abu ɗaya ne. Ga sauƙi: in ka raba bolt da adadin k, amsar a miliam take fitowa. Bolt 5 a kan 4k7, miliam 1 da 'yan kai.

Tambaya: Malam mai gyara, ni tsohon malamin lissafi ne, na yi ritaya. Jikana ya bar mita a gida, na ɗauki ƙwan lantarki irin na da mai zare, na wat 60, na auna shi na samu om 65. Na raba 230 gida 65 na samu am 3.5. In aka ninka da 230 ya haura wat 800. Ƙwan kuwa 60 aka rubuta. Ko dai mitar ce ke ƙarya, ko kamfanin, ko shi Ohm ɗin. Wanne ne? *Dattijo daga Ƙofar Doka*

Amsa: Ranka ya daɗe, babu maƙaryaci a cikin ukun, kuma lissafinka ba inda ya karkace. Wannan wasiƙa ita ta fi faranta mini rai a wannan wata.

Ƙwan da ka auna a sanyaye yake. Zaren da ke cikinsa na wani ƙarfe ne da ake kira tangistin, kuma kafin ya ba da haske sai zafinsa ya haura digiri 2,000. Ƙarfe kuwa yana ƙara zafi, turjiyarsa tana ƙaruwa. In ka bi ta ɗaya hanyar za ka gani: wat 60 a raba gida 230, am 0.26. Sannan 230 a raba da 0.26, kimanin om 880. Wato zaren da ya nuna maka 65 a tafin hannunka, in ya yi ja ya yi fari turjiyarsa takan ninka fiye da sau goma sha uku. Am 3.5 ɗin da ka samu ma ba tatsuniya ba ce. Kusan abin da ke ratsa zaren ke nan a farkon kunnawa, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kafin ya yi zafi. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni, ba yana tsakiyar ci ba.

Dokar Ohm da sharaɗinta take tafe: muddin zafin abin bai canza ba. Shi kansa Georg Ohm ya sha fama da abubuwan da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Abokin aikinka ne, malamin lissafi da kimiyya a wata makarantar sakandare a birnin Kolon na Jamus, ɗan maƙerin makullai. Batiran zamaninsa ƙarfinsu hawa da sauka yake yi ana cikin awo, sai ya koma samar da wuta daga mahaɗar ƙarfe iri biyu, gefe ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayan a ƙanƙara, don ya samu turawar da ba ta rawa. Da haka ya gwada wayoyi masu tsawo daban-daban, ya fitar da littafinsa a 1827. Manyan masanan ƙasarsa ba su karɓe shi hannu biyu ba. Sai a 1841 Ingila ta ba shi lambar yabo ta Copley, kujerar farfesa a jami'ar Munik kuwa sai 1852, saura shekara biyu ya rasu.

In kana son abin da ke bin dokar sau da ƙafa a cikin gida, ɗauki dutsen guga. Wayar da ke cikinsa ta gaurayen ƙarfe ce da aka zaɓa musamman don turjiyarta ba ta cika motsi da zafi ba. Mai wat 1,000 a kan bolt 230 yana jan am 4.3, turjiyarsa kimanin om 53, kuma in ka auna shi a sanyaye za ka samu kusa da haka, in dai ka murza maɓallinsa ya kama. Yanzu a ce an kawo irin wutar nan ta bayan Isha'i da fanka ke juyawa kamar mai jin barci, mita ta nuna 160. Raba 160 gida 53, am 3. Ninka da 160, wat 480. Bolt bai ragu da ko sulusi ba, amma zafin ya faɗi ƙasa da rabi, domin bolt da karant tare suka sauka, su kuma ninka juna ake yi. Dalilin ke nan da babbar riga ɗaya takan cinye maka rabin dare.

Mutane kan ce an kawo lo karant, amma bolt ne ya fara faɗuwa, karant biyo shi ya yi. Firiji ne kaɗai zan ja kunnenka a kansa, don shi ba resista ba ne, mota ce a cikinsa. In wuta ta yi ƙasa sosai takan kasa tashi, ta tsaya tana gurnani tana jan karant fiye da ƙa'ida har ta yi zafi. In ka ji yana wannan kukan yana ɗaukewa yana dawowa, a zare filoginsa sai wuta ta daidaita. In kuma hanya ta biyo da kai Sabon Gari, ka taho da ƙwan nan, ina da na'urar da ke ƙara bolt sannu a hankali, mu jera adadin a takarda ka ga yadda layin ke lanƙwashewa.